Fito, Gaisuwa da La'ada: Fataken Gwanja da Kuɗin Kariyar da Ba Su Nema Ba

Gabatarwa

Mai riƙe da katin bashi na banki yakan duba takardar lissafinsa ya tarar an ɗora masa wani kuɗi da sunan kariya, wai don a ɗauke masa biya idan ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki, alhali bai taɓa neman wannan hidima ba. Katin sabo ne, amma rigimar tsohuwa ce. Fataken Hausa da suka bi hanyar Gwanja sayen goro a ƙarni na 18 da na 19 sun sha fama da irinta a mashigun ruwa da ƙofofin gari, har suka bar mana kalmomi da ke rarrabe kuɗin da aka yi yarjejeniya a kansa da wanda aka ƙaƙaba. Wannan muƙala za ta bi sawunsu a garuruwa uku na arewacin Ghana ta yau, wato Salaga da Yendi da Bawku.

Hanya da garuruwanta

Goro a dazuzzukan ƙasar Asante yake yi, mutanen da Hausawan da suke kira Tonawa. Babbar kasuwar da ake haɗuwa da su ita ce Salaga ta ƙasar Gwanja, kusa da Kpembe inda sarkin yankin yake zaune. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da turkuɗi da riguna da fatu da dabbobi, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya biyo ta Yendi, hedikwatar Dagwamba kuma mazaunin Ya Na, sannan ya sauka Salaga. Wata hanyar ta arewa take bi, ta Gurma da ƙasar Mosi, ta gangaro ta Bawku da Gambaga. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa kan ayarin goro na 1980.

Kowace ƙasa da aka ratsa tana da mai ita, kuma kowane mai ƙasa yana da abin da yake karɓa. Hujjarsa ɗaya ce: ni nake tsare muku hanya.

Kalmomi uku

Ya kamata ɗalibi ya rarrabe kalmomi uku. Ta farko ita ce fito. Asalinta ƙetare ruwa ne, kuɗin fito kuwa shi ne ladan mai jirgi. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da kuɗin wucewa ta ƙasar wani sarki. Ta biyu ita ce gaisuwa, wato kyautar da baƙo yake kai wa sarki. A baki kyauta ce, a aikace kuwa wanda bai kai ba ya san abin da zai biyo baya. Ta uku ita ce la'ada, ladan dillali ko maigidan da ya sauki falke, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi.

La'ada ba ta cika jawo rikici ba, domin aikin a fili yake, kuma falken da bai gamsu ba yana iya sauka gidan wani a shekara mai zuwa. Fito da gaisuwa su ne masu ƙura, saboda wani lokaci mai sayar da kariyar shi ne kuma abin tsoron. Hanyar Bargu ta yi suna da 'yan fashi, kuma fatake sun san ba kowane ɗan sarauta ne hannunsa yake da tsabta a wannan harka ba. An ba kura ajiyar nama ke nan, tana kuma neman lada.

Akwai wata ƙa'idar ciniki da ta haɗa waɗannan kalmomi. A kasuwar Bahaushe, idan mai saye ya yi tayi, mai kaya yakan ce "albarka" in bai yarda ba. Ciniki ba ya faɗawa sai an ji "na sallama". Fiƙihun Malikiyya da malaman zango suka karanta ma ya sa yardar ɓangarori biyu cikin sharuɗɗan ingancin ciniki. Kuɗin da aka karɓa babu sallamawa, ko da wane suna aka raɗa masa, a wurin falke zalunci ne.

Yadda ake jayayya

Falke ɗaya ba ya ja da sarki. Shi ya sa ake tafiya a ayari ƙarƙashin madugu, tare da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki, da malami mai rubutu da lissafi. Idan an iso iyakar wata ƙasa, ayari yakan yada zango a bayan gari, madugu ya shiga ya gana da fadawa. Su faɗi abin da suke so, shi ya yi tayi, a yi ta ja, wani lokaci har kwanaki. In an daidaita, sai a rarraba kuɗin a kan 'yan ayari gwargwadon kayan kowa.

Madugu yana da makamai uku. Na farko al'ada: abin da aka biya bara shi ne ma'aunin bana, kuma ƙari yana bukatar dalili. Na biyu shaida: maigidan da ke zaune a garin, wanda ya san harshen 'yan ƙasa, shi yake tsayawa tsakani. Na uku, wanda ya fi kaifi, shi ne sauya hanya. Sarkin da ya tsawwala yana iya wayar gari ya ga ayari ya bi ta ƙasar maƙwabcinsa, matan garinsa kuma sun rasa masu sayen abinci da ruwa da itace.

Garuruwa uku, darussa uku

A Yendi, masu karɓar fito su ma biya suke yi. Tun daga tsakiyar ƙarni na 18, bayan yaƙe-yaƙen Opoku Ware, Dagwamba da Gwanja suka shiga biyan gandu ga Kumasi, kuma cikin abin da ake biya akwai bayi. Waɗanda aka kamo daga ƙauyukan arewa aka sayar a kasuwar Salaga su ne suka ɗauki mafi nauyin wannan tsari, ba su da madugun da zai yi tayi a madadinsu. Fataken Hausa ma suna cikin masu sayensu, kuma tarihi bai kamata ya ɓoye wannan ba.

A Salaga, kariyar ce ta karye. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi tawaye ga Asante, Asante kuwa ta tare hanyar goro, kasuwa ta fara komawa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, aka washe gari, fatake suka watse zuwa Kete Karachi da Yeji da sauran wurare. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934, yana cikin waɗanda suka ga wannan rushewa. Garin da ya kasa tsare baƙinsa ya rasa hujjar karɓar gaisuwarsu, su kuma suka kwashe kayansu.

A Bawku, sabon mai karɓa ne ya zo. Ruwayoyin Mamprusi sun ce Nayiri ya naɗa sarakuna a wannan yanki na Kusasi domin tsaron hanyar fatake. Da Turawa suka raba ƙasa, yarjejeniyar 1899 ta ba Jamus Yendi, ta ba Ingila Salaga, Bawku kuwa ta zama garin kan iyaka, Faransawa a arewa, Jamusawa a gabas. Gwamnatin Ingila ta ɗora wa ayari harajinta, hujjarta kuwa ita ce waccan tsohuwa: mun kawar da 'yan fashi, mun tsare hanya. Babu tayi, babu albarka. Abin da ya rage wa fatake shi ne makami na uku, wato kauce wa tashoshin karɓa ko bin hanyar ƙetaren iyaka. An soke wannan haraji a Arewacin Nijeriya a 1907, a arewacin Gwalkwas kuma a 1908.

Daga zango zuwa banki

Rigimar katin bashi ta bi wannan sawu. A 2012 hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta Amurka ta umarci bankin Capital One ya mayar da kimanin dala miliyan 140 ga mutane kusan miliyan 2, saboda yadda aka sayar musu da tsarin kariyar biya da makamantansa ta hanyar yaudara. A Birtaniya, diyyar irin wannan inshora ta haura fam biliyan 38, aka rufe karɓar ƙorafi ranar 29 ga Agusta 2019. Dokar Amurka ta 1974 ta ba mai kati kwana 60 ya rubuta ƙorafinsa kan kuskuren lissafi.

Matakan da mai kati zai bi suna kama da na madugu. Ya duba lissafinsa wata-wata ya gano ranar da kuɗin ya fara fita. Ya rubuta wa banki ya nemi a nuna masa inda ya sallama, ko sa hannu ko muryar da aka ɗauka. Ya nemi a tsayar da cirewa, a mayar da abin da aka cira, ya ajiye kwafin kowace takarda. In bai gamsu ba, ya kai ƙara ga babban bankin ƙasarsa. In abin ya ƙi, ya sauya hanya.

Kammalawa

Fataken Gwanja ba su ƙi biyan kariya ba. Sun biya mai jirgi, sun biya maigida, sun gai da sarkin da ya tsare hanya. Abin da suka tsaya a kai shi ne a faɗi kuɗin tun farko, a ji ta bakinsu, a kuma ga aikin a ƙasa. Ɗalibin da ya riƙe bambancin fito da gaisuwa da la'ada, ya kuma san nauyin kalmar "na sallama", zai karanta labaran fatake da idon basira, zai kuma karanta takardar bankinsa da irin wannan ido.