Asalin Lamba 46 da ke Jikin Buhun Yuriya

A kasuwannin Kankiya da Kusada, da tiya ake auna hatsi. Tiya kuwa cika take aunawa, ba ruwanta da yawan ƙwayoyi, shi ya sa ƙwayoyin da ke cikin tiyar gero suka ninka na tiyar masara nesa ba kusa ba. Masana sinadarai sun daɗe cikin irin wannan matsala, domin sinadarai ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa, alhali ƙwayoyin sun fi ƙarfin ido, balle a ƙidaya su.

A 1811 Amedeo Avogadro, mutumin Italiya, ya kawo ra'ayin cewa iskar gas ta saɓa wa hatsi: mazubai biyu masu girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne, ko da gas ɗin ba iri ɗaya ba ne. Maganar ta yi kusan shekara hamsin ba a kula ta ba, sai da Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da ita a taron Karlsruhe na ƙasar Jamus a 1860. Daga nan aka daidaita nauyin ƙwayoyin zarra, sikeli ya zama hanyar ƙidaya.

A shekarun 1890 Wilhelm Ostwald ya raɗa wa wannan awo suna "mol", sannan a 1909 Jean Perrin na Faransa ya sa wa adadin ƙwayoyin cikinsa sunan Avogadro. A 1971 mol ya shiga jerin ma'aunan asali na duniya, a matsayin yawan zarrar da ke cikin giram 12 na kabon-12. Tun 20 ga Mayu 2019 kuma aka tsayar da shi a kan ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ cif.

Wannan tarihi yana isowa gonakin Kankiya da Kusada kowace damina, a jikin buhun takin zamani. Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, 28 daga ciki naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Shi ne kashi 46 cikin ɗari da ake bugawa a buhu. Saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, na NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5, sai dai shi yana haɗe da wasu sinadarai biyu da shuka ke bukata. Manomin da ya san wannan lissafi ya san abin da kuɗinsa ke saya.