Daga Aji Zuwa Bakin Gadon Majinyaci: Waiwaye Kan Yadda Ake Shirya Sabon Likita

A Amurka ɗaliban likitanci kan kammala karatu a watan Mayu, su kama aiki a asibitocin koyarwa wajen 1 ga Yuli. A Birtaniya kuwa sababbin likitoci kan shiga aiki ne ranar Larabar farko ta watan Agusta. A 'yan makonnin da ke tsakani ilimin matashin bai ƙaru da wani abin kirki ba, amma nauyin da ke wuyansa ya ninka. Da yana tsaye ne a bayan malaminsa yana kallo. Yanzu shi nas za ta tasa da tsakar dare idan numfashin majinyaci ya sarƙe, kuma sa hannunsa ake jira kafin a ba da magani. To, wa ke da alhakin shirya shi domin wannan dare? An shafe fiye da shekara 100 ana neman amsar.

Tushen horon likitoci masu neman ƙwarewa, a yadda aka san shi yau, yana asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, wanda aka buɗe a 1889. William Osler ya riƙe sashen cututtukan manya, William Halsted kuma sashen tiyata, inda ya ɗauko salon horon da ya gani a Jamus. Matasan likitoci a cikin asibitin suke kwana suna tashi, galibinsu ba su da aure, kuma wanda ya zaɓi tiyata yana iya yin shekara takwas ko fiye kafin a yaye shi. Osler ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su bakin gado, su ji tarihin ciwo daga bakin mai shi, su taɓa, su saurari ƙirji. A wancan zamani ba a ga bukatar wani shiri na musamman ba, domin ɗalibi da malami kullum suna tare, kuma abin da likita ke iya yi wa majinyaci bai da yawa. Karin maganar da ake dangantawa da Halsted ta nuna ruhin lokacin: ka ga an yi sau ɗaya, ka yi sau ɗaya, sannan ka koya wa wani.

A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Ya tarar da yawancinsu kasuwanci kawai suke yi, babu ɗakin gwaji, babu asibiti. Bayan rahoton an rufe da dama, sauran suka rungumi tsarin shekara biyu ta kimiyya da shekara biyu a asibiti. Wannan ya gyara makaranta, amma bai taɓa abin da ke biyo bayanta ba. Asibitoci suka shiga rububin ɗalibai saboda suna bukatar hannu mai araha, har ta kai ana ba ɗalibi gurbi shekara biyu kafin ya gama. Domin kawo ƙarshen wannan rikici aka kafa tsarin raba gurabe na ƙasa baki ɗaya a 1952. Tsarin ya amsa tambayar ina ɗalibi zai je. Ko ya shirya zuwa can, ba wanda ya tambaya.

Birtaniya ta bi wata hanya. Rahoton Goodenough na 1944 ya ba da shawarar kada a bar wanda ya fito daga makaranta ya yi aiki shi kaɗai, kuma daga 1953 ya zama tilas sabon likita ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin kulawa kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Amurka ma tana da irin wannan shekara ta zagaya sassa, sai dai bayan rahoton Millis na 1966 an narkar da ita cikin horon ƙwarewa, abin da ya kankama a 1975. Tun daga nan ɗalibin Amurka yakan fita daga makaranta kai tsaye zuwa fannin da ya zaɓa, ba tare da wani zango a tsakani ba.

Abin da ya girgiza tsarin ya faru ne a watan Maris na 1984, lokacin da wata yarinya mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin koyarwa a New York 'yan sa'o'i bayan an kwantar da ita. Ƙananan likitoci biyu ne suka duba ta, ɗaya a shekararta ta farko tana riƙe da majinyata masu yawa a daren, babban likita kuwa ta waya aka tuntuɓe shi. An yi mata allurar fetidin alhali tana shan maganin fenelzin, haɗin da ke iya kisa. Mahaifinta, Sidney Zion, lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ta mutu ba. Kwamitin da Dakta Bertrand Bell ya jagoranta ya kai ga dokar jihar New York ta 1989, wadda ta taƙaita aikin ƙananan likitoci zuwa awa 80 a mako, kuma a 2003 hukumar ACGME mai tantance horon ƙwarewa ta shimfiɗa wannan iyaka a kan ƙasar duka. Jama'a sun fi riƙe maganar gajiya, amma shi Bell ya sha nanata cewa babbar matsalar ita ce barin sabon likita ba mai sa masa ido.

Rage awoyi ya zo da nasa ƙalubale. Idan likita ba zai kwana biyu a kan majinyaci ba, dole ya miƙa shi ga wani, kuma a wurin miƙawar ne bayanai ke zubewa: an manta a faɗi cewa ana jiran sakamakon jini, ko cewa wani magani ba ya karɓar mutumin. Rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka na 1999 ya riga ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakurai. A Ingila wani bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan a 2009 ya gano cewa waɗanda aka kwantar cikin gaggawa ranar da sababbin likitoci suka kama aiki sun fi waɗanda aka kwantar mako guda kafin nan haɗarin mutuwa da kashi 6 cikin 100. Daga nan magana ta tashi daga tausayin sabon likita ta koma kan ran majinyaci.

Birtaniya ta ɗauki matakai a jere. Ta kafa horon tushe na shekara biyu a 2005. A 2009 hukumar likitocinta ta bukaci kowane ɗalibin shekarar ƙarshe ya yi wani lokaci yana taimaka wa ƙaramin likita a aikinsa na yau da kullum. Daga 2012 kuma duk sabon likita sai ya yi aƙalla kwana huɗu, tare da biya, yana bin wanda zai gada, ya san ɗakunan, ya san nas-nas, ya san lambar da zai kira idan abu ya ɓaci. An kuma ƙirƙiro jarrabawa ta musamman a kan rubuta magani, tunda a nan ne sabon likita ya fi yin tuntuɓe.

A Amurka hankali ya koma kan shekara ta huɗu, wato ta ƙarshe a makaranta. Ɗalibi yakan ɓatar da rabinta wajen neman gurbi da zuwa ganawa, a watan Maris a sanar da shi inda zai je, daga nan zuwa Yuli kuwa wani ba ya sake taɓa majinyaci sosai. Likitocin tiyata ne suka fi ƙorafi, kuma su ne kan gaba wajen shirya kwasa-kwasan makonnin ƙarshe, waɗanda yanzu makarantu da yawa suka mayar tilas. A cikinsu ɗalibi yana koyon ɗinki da sa robar ƙarin ruwa da farfaɗo da zuciya a kan mutum-mutumin koyarwa, yana maimaitawa har hannunsa ya faɗa. Ana buga masa waya kamar daga nas: majinyaci a gado kaza fitsarinsa ya ragu, hawan jininsa ya faɗi, me za a yi? Ana koya masa yadda zai faɗa wa iyali mummunan labari, da yadda zai miƙa aiki bisa tsari. Wannan na ƙarshen an auna amfaninsa: binciken da aka buga a 2014 kan tsarin miƙa aiki mai suna I-PASS a asibitoci tara ya nuna kurakurai sun ragu da kashi 23 cikin 100.

Amma sauyin da ya fi zurfi na tunani ne. A 2005 Olle ten Cate, malami a Utrecht ta ƙasar Holan, ya ce a daina tsayawa kan makin ɗalibi, a tambayi malamansa: wane aiki za ku yarda ku bar masa ku fita daga ɗakin? A 2014 ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ta lissafa ayyuka 13 da ya kamata a iya amince wa duk wanda ya kammala tun ranar farko. A ciki akwai ɗaukar tarihin ciwo, rubuta umarnin magani, miƙa majinyaci, neman amincewarsa kafin a yi masa aiki, da gane wanda jikinsa ke rikicewa a fara ceto a kuma kira na gaba. Makarantu goma suka gwada tsarin, sai gaskiya ta fito: a kan ɗaukar tarihi da gabatar da majinyaci malamai na da shaida, amma a kan rubuta magani da neman amincewa da taimakon gaggawa, ɗalibai da yawa sun kai ƙarshen karatu ba a taɓa ganin sun yi isasshe ba.

Saura matsalar faɗin gaskiya. Takardar da makaranta ke rubuta wa ɗalibi tana fita ne lokacin neman gurbi, saboda haka yabo ya fi yawa a cikinta. Asibitin da zai karɓe shi bai san inda yake da rauni ba sai ya gani a kan majinyaci. Shi ya sa rahoton haɗin gwiwar hukumomin likitanci na Amurka na 2021, mai shawarwari 34, ya nemi makaranta ta sake aika bayani bayan an raba gurabe, lokacin da gaskiya ba za ta hana ɗalibi aiki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin shekarar da sabon likita ke yi a Nijeriya yana zagaya sassan cututtukan manya, tiyata, yara da haihuwa kafin Hukumar Likitoci ta ba shi cikakkiyar rajista, gadon tsarin Birtaniya ne. Zango ne mai daraja, kuma bai kamata mu bari ya lalace ba. Sai dai wasu kan daɗe a gida suna jiran gurbi har hannu ya yi sanyi, sannan su tarar da manyan da za su sa musu ido sun yi ƙaranci saboda ficewar likitoci zuwa waje. Galibin abin da sauran ƙasashe suka koya da tsada ba ya bukatar na'ura mai tsada: mako guda na bin wanda za a gada, atisayen rubuta magani, takardar miƙa aiki mai tsari, bayanin gaskiya daga makaranta, da babban likitan da ba ya tsawa idan an tashe shi da dare. Makarantun likitanci da asibitocin koyarwarmu na iya fara waɗannan da ɗaliban da za su yaye a bana.