Injin Peugeot 1.6 THP: Ƙirarsa, matsalolinsa da abin da ya kamata mai saye ya sani

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mallakar mota ya sauya a Nijeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta zarce naira 1,000 a 2024. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Ringim da Dutse, da ɗan kasuwar da ke bin hanyar Kano zuwa Gujungu, duk sun koma neman mota mai ƙaramin inji. Ɗaya daga cikin injinan da suke cin karo da su a wurin dillalai shi ne 1.6 THP na kamfanin Peugeot, wanda ke cikin motoci irin su 508 da 3008 da 5008 da 308.

Injin ƙarami ne, amma yana da ƙarfin babba. Sai dai wannan ƙarfi yana da sharuɗɗa: baƙin mai na gaske, fetur mai tsabta, tsarin sanyaya da ba a taɓa ba, da bakanike mai na'urar bincike. Idan aka rasa ɗaya, abin da aka tsimi a gidan mai sai ya ƙare a gareji.

Asalinsa da yadda ya shigo Nijeriya

Kamfanin PSA na Faransa, mai Peugeot da Citroën a lokacin, da kamfanin BMW na Jamus ne suka haɗa hannu suka ƙera wannan inji, wanda ya fara fitowa a 2006. Ana kiran zuriyarsa Prince, kuma shi ne ke cikin Mini Cooper S na wancan zamani. Ya lashe kyautar gwarzon injin shekara ta duniya a ajinsa sau takwas a jere, daga 2007 zuwa 2014.

Arewa ta daɗe da sanin Peugeot. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 da 505 da 406 sun shahara saboda kusan kowane gareji yana iya gyara su. Da 508 ta zo da injin THP, hukumomin gwamnati sun saye ta da yawa. Majalisar Wakilai ta takwas, wadda ta yi aiki daga 2015 zuwa 2019, ta yi odar guda 360 domin mambobinta. Irin waɗannan motoci, tare da 'yan Kwatano, su ne yanzu ke sauya hannu a kasuwa.

A lura cewa ba kowace Peugeot mai lita 1.6 ce ke da turbo ba. Motar 301, wadda kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗawa a Kaduna a 2022, tana da injin 1.6 marar turbo, mai sauƙin kulawa.

Yadda turbo ke aiki

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska. Turbo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Da ƙarin iska, ƙaramin inji yana iya ƙona ƙarin mai a lokacin da ake buƙatar ƙarfi kawai.

Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900. Siririn baƙin mai ne kaɗai ke tsakaninta da lalacewa.

Ƙirarsa a alƙaluma

- Girma: cc 1,598, silinda huɗu a jere, bawul 16.
- Faɗin silinda milimita 77, tafiyar fistin milimita 85.8.
- Ƙarfi: doki 156 ko 165 a nau'o'in da suka fi yawa, akwai kuma masu 200 da sama.
- Ƙarfin murɗa: Nm 240 tun daga juyi 1,400 a minti, shi ya sa motar ke ja ba tare da an taka ta sosai ba.
- Feshin mai: nozul yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, da taimakon famfo na biyu mai matsi sama da ba 100.
- Tayimin: sarƙa ce, ba bel ba.
- Baƙin mai: na sintetik, 5W-30 ko 0W-30 mai amincewar Peugeot, kimanin lita huɗu da kwata.
- Fetur: mai lambar RON 95.

Matsalolin da aka fi sani

*Sarƙar tayimin.* Ita ce babbar illar nau'o'in farko. Sarƙar tana miƙewa, abin da ke ɗaure ta kuma yana sakewa. Alamar farko ita ce ƙarar kwaram-kwaram na 'yan daƙiƙoƙi idan aka tayar da mota da sanyin safiya. Idan aka bari sarƙar ta tsallake haƙori, fistin na iya bugun bawul. Kamfanin ya sauya ƙirar waɗannan sassa a nau'o'in baya, amma tsohon mai ko ƙarancinsa yana gaggauta lalacewarsu a kowane nau'i.

*Daskarewar baƙi a bawul.* Tunda fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska, babu abin da ke wanke su. Tururin baƙin mai yana daskarewa a kansu har ya toshe hanyar iska. Mota sai ta riƙa rawa a tsaye, tana sarƙewa, ƙarfinta ya ragu. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin. Dole sai an kwance an kankare.

*Famfon matsin mai.* Idan ya fara gajiya, mota tana wuyar tashi da safe, tana yanke ƙarfi a lokacin wuce wata motar, kuma fitilar inji tana kamawa. Ana yawan ɗora laifin a kan fulogi ko kwil, a yi ta sauya su ba tare da an dace ba.

*Yoyon ruwa.* Gidan tamostat na roba ne, yakan tsage, famfon ruwa ma yakan yi yoyo. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wadda ta zama ruwan dare a garejinmu, tana rikita kwamfutar motar, ta ƙara shan mai. Zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto kuma yana kawo tsatsa da toshewa.

*Shan baƙin mai da mutuwar turbo.* Injin yana iya shan mai tsakanin juye da juye, musamman idan murfin samansa ya lalace. Siririn bututun da ke kai mai ga turbo yana kusa da zafi, don haka yakan toshe ko ya yi yoyo. Shuɗin hayaƙi da ƙara mai kama da jiniya alamu ne cewa turbo ya kusa tafiya.

Fetur, ƙura da zafi

An ƙera injin ne domin fetur mai RON 95, alhali ma'aunin AFRI-5, wanda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗauka, ya amince da RON da bai kai haka ba, da sinadarin sulfa da bai wuce kashi 50 cikin miliyan ba. Kwamfutar motar tana iya daidaita kanta da fetur mai ƙarancin lamba, amma ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru.

Gurɓataccen mai ya fi wannan haɗari. A Fabrairun 2022, hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol, wanda aka yi lodinsa a Antwerp ta Beljiyam, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injinansu. Wanda ke saye a galan a bakin titi ba shi da hanyar sanin abin da aka gauraya. Nozul da famfon THP ba sa jure abin da injin 504 ke haɗiyewa.

Yanayin Jigawa yana ƙara nasa nauyin. Ƙurar hunturu tana toshe iyakilina, kuma idan ta ratsa sai ta cinye farfelar turbo. Zafin Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, yana gajiyar da mai da roba. Da damina kuma, a garuruwan bakin Kogin Haɗejiya irin su Ringim, kutsawa cikin ruwan da ya shafe hanya na iya sa inji ya zuƙi ruwa ya yi nokin nan take.

Kafin saye da bayan saye

Mai saye ya nemi a tayar masa da motar bayan ta kwana a kashe, ya saurari sarƙa. A sa mata na'urar bincike, a duba ko tamostat yana nan, a leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo, a kuma nemi takardun juyen mai. Ya tambayi farashin sarƙa da famfo da turbo a Ƙofar Ruwa ta Kano tun kafin ya biya, domin kayan na waje ne, farashinsu yana bin canjin dala.

Bayan saye, a riƙa juye mai a kowane kilomita 5,000 zuwa 7,500, ba doguwar tazarar da aka tsara wa hanyoyin Turai ba. A duba ma'aunin mai kowane mako. Kada a taka mota da ƙarfi kafin ta ɗumama, kuma bayan doguwar tafiya a bar ta minti ɗaya ko biyu kafin a kashe.

Idan kuɗin jama'a ne

Umarnin Zartarwa mai lamba 003 na 2017 ya wajabta wa hukumomin tarayya fifita kayan da aka yi a gida, ciki har da motoci. Manufar tana da ma'ana, amma farashin saye rabin lissafi ne. Duk lokacin da wata ma'aikata a Dutse ko ƙaramar hukuma ta sanya sayen motoci masu turbo a kasafinta, akwai tambayoyin da ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi wa ita da hukumar tantance kwangiloli ta jiha. Shin kwangilar ta haɗa da garanti da kulawa? Wa zai yi gyaran, kuma a wane gari? Nawa aka ware wa baƙin mai da kayan gyara? Idan motar ta tsaya, wa zai saye ta a gwanjo, kuma a kan nawa?

Motar da aka saya da kuɗin jama'a, ta mutu cikin 'yan shekaru saboda an zuba mata man da bai dace ba, sannan aka sayar da ita a farashin ƙarfe, asara ce da ake iya kauce wa tun a takardar kwangila.