Roƙon Allah ko Roƙon Mutane: Tarihin Wata Hanyar Tara Kuɗin Mishan

A wannan takarda za mu duba wata tambaya da ta raba kan Kiristoci a ƙarni na 19, watau ko ya dace ma'aikacin bishara ya buɗe baki ya roƙi mutane kuɗi.

George Müller, mutumin ƙasar Jamus da ya zauna a Ingila, ya ce bai dace ba. A 1830 ya daina karɓar albashi daga ikkilisiyarsa, domin daga kuɗin hayar kujerun majami'a ake biyansa, kuma a ganinsa wannan fifita mai kuɗi ne a kan talaka. A 1836 ya buɗe gidan marayu a birnin Bristol bisa sharuɗɗa biyu: ba roƙon kowa sai Allah, ba kuma cin bashi. Ya zuwa 1870 gidajen sun kai 5, masu ɗaukar yara wajen 2,000.

Hudson Taylor ya ɗauki wannan ƙa'ida da ya kafa mishan ɗinsa na ƙasar Sin a 1865. Sahun irin waɗannan ƙungiyoyi ne Sudan Interior Mission ta bi, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893 ba tare da wata babbar ikkilisiya ta ɗauki nauyinsu ba. Gowans da Kent sun rasu a 1894, sai a 1902 aka sami kafa tasha a Patigi. Daga aikinta ne ECWA ta fito a 1954.

A Amurka kuwa, mai wa'azi D. L. Moody yakan tunkari attajirai kai tsaye, yana ganin cewa roƙon dama ce da ake ba mutum ya yi aikin lada.

To, amma akwai abin lura. Müller bai roƙa ba, amma yakan buga rahoto yana bayyana abin da ya shigo da yadda aka kashe shi, waɗanda suka karanta kuma su aiko da gudummawa. Saboda haka muna ganin tazarar da ke tsakaninsa da Moody ba ta kai yadda ake zato ba. Dukansu sun ɗauki dukiya amanar Allah ce a hannun mutum. Abin da Müller ya nuna shi ne, wanda ya riƙe amana ya kuma bayyana lissafinsa a fili, ko bai roƙa ba, mutane za su bayar.