Ciyawar Old Warden

Duk wanda ya saba da filayen jiragen sama na zamani, masu shimfiɗaɗɗiyar kwalta da dogayen hasumiyoyi, zai iya raina filin da ke ƙauyen Old Warden, a yankin Bedfordshire na ƙasar Ingila. Ciyawa ce tsanwa shar, sai rumfunan ajiye jirage a gefe. Ni kuwa ina ganin ciyawar nan ita ce ginshiƙin tarihin wurin.

Mai filin, Richard Shuttleworth, an haife shi a 1909, ya gaji dukiya da gandun iyalinsa. Saurayi ne mai son tseren mota da tuƙin jirgi. A 1932 ya sayi ƙaramin jirgi samfurin Moth, ya mayar da wani sashe na gandun wurin sauka da tashi. Daga nan ya shiga tattara tsofaffin jiragen da aka yasar, yana gyara su har su sake tashi. Ajali ya riske shi a watan Agusta na 1940, sa'ad da jirgin yaƙin da yake atisaye da shi cikin dare ya faɗi. Mahaifiyarsa Dorothy ta kafa gidauniya a 1944 domin tunawa da shi, aka kuma buɗe wa jama'a wurin a 1963.

Me ya hana a shimfiɗa kwalta? Jiragen farko na katako ne da ƙyalle, yawancinsu ba su da birki. A ƙarƙashin wutsiya akwai wani guntun katako ko ƙarfe da ke jan ƙasa. Ciyawa ce ke riƙe shi, ta rage gudun jirgin, ta hana shi karkacewa. A kan kwalta kuwa sai ya zame. Shi ya sa jirgin Blériot na 1909, wanda babu jirgin da ya girme shi cikin masu tashi a duniya, yake iya ɗagawa a nan idan iska ta kwanta da yamma.

Irin waɗannan filaye suna fuskantar barazana, domin masu gine-gine na kwaɗayin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. An rufe filin ciyawa na Panshanger a 2014 saboda shirin gina gidaje. A ganina, duk filin da aka rufe yakan tafi da wani ilimi: sanin iska, da laushin ƙasa bayan ruwan sama, da dabarar sauka ba birki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Jirgin da aka rataye a gidan tarihi kallo kawai ake yi masa, amma na Old Warden matuƙan yau suna koyon tuƙa shi.