Daga Hausari Zuwa Kura: Yadda Na Nemo Asalin Gidanmu

Yau ina so in ba ku labarin wani aiki da na daɗe ina ɗagawa, yau ne gobe ne, sai da ruwa ya ci gidanmu sannan na tashi na yi shi. Wato neman asalin kakan babana, mutumin da ya kawo mu Maiduguri.

Duk Bahaushen da aka haifa a garin nan ya san tambayar nan: "Ina ne asalinku?" Barebari maƙwabtanmu suna kiranmu Afuno, in kuma ka je Kano ka buɗe baki sai a ce ga Babarbare. Na taɓa zuwa wani ofishi neman wa ɗana takardar shaidar asali, aka ce in faɗi ƙauyen kakannina, na yi shiru. A Hausari aka haifi kakana, a nan aka haifi babana, a Gwange aka haife ni, amma ban iya faɗin sunan gari ɗaya a ƙasar Hausa in ce daga nan muke ba. Abin da muka gada kawai shi ne: "Mu Kanawa ne. Tsoho malami ne, ya fito zai tafi Hajji a ƙasa, Allah ya tsayar da shi a Yerwa."

Wannan labari ba mu kaɗai ke da shi ba, kuma yana da tushe. Hanyar alhazai ta ƙasa ta nan Borno ta bi, a wuce Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, a bi Abeche, a shiga Sudan ta Junaina da Fashir da Ubayyid, har a kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, mutum yana tafe yana tsayawa yana noma ko wata sana'a don ya sami guzuri. Da yawa ba su kai ba, da yawa kuma sun kai ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan shaida ne, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. To shi ya sa ban taɓa shakkar labarin gidanmu ba.

Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidanmu na Gwange har wuya. Mun tsira da rayukanmu, alhamdu lillahi. Amma akwai wani tsohon akwatin ƙarfe a ɗakin babana, cike da takardun ajami na Tsoho da na kakana, waɗanda kullum nake cewa zan kai wa mai iya karatunsu. Da muka dawo na buɗe, sun zama kamar kunu, tawadar duk ta wanke. Abu biyu ne suka saura: Alƙur'anin Tsoho da ke cikin gafaka a rataye can sama, da wata gudumar itace mai nauyi da muka tashi muka ga ana tokare ƙofar zaure da ita.

Da na ga asarar nan sai na tafi wurin Gwaggo, yayar babana, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Tsoho da ido. Nan na gamu da matsala ta farko, wato alkunya. Matarsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, 'ya'yansa Baba suke cewa, jikoki kuma Tsoho. Ita kanta Gwaggo sai da ta rufe fuska da mayafi sannan ta faɗa min sunansa na yanka, murya ƙasa-ƙasa, alhali mutumin ya kusa shekara saba'in a kabari. Matsala ta biyu ita ce shekaru. Tsofaffinmu ba su lissafi da lambobi, da abin da ya faru suke yi. Na ce, "Gwaggo, yaushe ya rasu?" Ta ce, "Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo." Wato 1956. Na ce, "Yaushe ya baro gida?" Ta ce ta ji ana cewa cikin babbar yunwa, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, babbar yunwar da ta biyo bayan fari kuma ta 1913 zuwa 1914 ce. Kun ga na sami shekara.

Sai na tambaye ta gudumar nan. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ai ta bugu ce. In kakarmu ta yi fushi da shi cewa take yi, kai da ka zo garin nan da hannu baƙi ƙirin." Ashe kafin ya zauna a zaure yana koya wa yara allo, Tsoho marini ne. A da mutane ba su cika son a danganta su da rini ba, saboda warin karofi da baƙin hannu, shi ya sa 'ya'yansa suka riƙe malantar suka bar rinin.

Na kai Alƙur'anin wurin wani malami a Hausari. A takardar ƙarshe Tsoho ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya bi da kalma ɗaya: Kura. A ƙasa kuma ya jera sunayen 'ya'yansa bisa haihuwa. Mu shida muka sani, shi bakwai ya rubuta. Na farko sunan mace ne wanda babu wanda ya taɓa ji a gidanmu. Gwaggo ta ce wataƙila jaririya ce ta koma.

Ga wanda bai sani ba, Kura tana kudu da birnin Kano a hanyar Zariya, kimanin kilomita 30. Yau da shinkafa aka san ta, saboda ruwan noman rani da ke zuwa daga madatsar Tiga. Amma a ƙarni na 19 da rini ta yi suna. Daga can ake fitar da baƙin yadin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗa rawani da shi. A rina shi da baba da toka a rijiyoyin da aka shafe da laso, sannan masu bugu su ɗora shi a kan gungume su yi ta dukansa da guduma ana ƙara shuni har ya riƙa walƙiya. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya wuce Kukawa, ya rubuta irin nisan da tufafin Kano ke kaiwa. Marigayi Philip Shea na Jami'ar Bayero kuma a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano ya yi digirinsa na uku a 1975. Har haraji na musamman sarakuna suka sa mata, kuɗin karofi.

Ta ɓangaren Borno kuwa, Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa da zama. Ke nan lokacin da Tsoho ya iso, garin bai fi shekara bakwai ba, ana ta gini, baƙi na ta sauka, Hausawa a Hausari, Larabawan arewa a Fezzan. Sabon gari mai fada da fadawa yana bukatar riguna, mai rini da bugu ba zai rasa abinci ba. Jirgin ƙasa kuwa bai iso Maiduguri ba sai 1964, saboda haka da ƙafa ya yi tafiyar nan ta kusan kilomita 600, wadda ni na yi a mota cikin yini ɗaya, ta Damaturu da Potiskum da Azare da Wudil, har ina ƙorafin ciwon baya.

A Kura ban san kowa ba. Na fara da limamin wani masallaci, shi ya haɗa ni da mai unguwa, shi kuma ya sa yaro ya kai ni wurin wasu dattawa da iyayensu suka yi rini. Sun nuna min inda rijiyoyin suke, da yawa ƙasa ta cike su. Na faɗi sunan Tsoho da na mahaifinsa, suka ce masu irin sunan nan sun fi a ƙirga. Kwana biyu ina yawo ba labari. Ran na uku na ambaci sunan yarinyar nan ta takardar ƙarshe, haɗe da na ubanta. Wani dattijo ya ɗaga kai ya ce, "Wadda ubanta ya mutu a hanyar Makka? Ai 'yarta tana nan da rai."

Aka kai ni wurin wata tsohuwa da ta haura tamanin. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, daga Maiduguri nake." Na karanta mata abin da ke takardar. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce mahaifiyarta tana goye lokacin da uban ya fita, cikin yunwa, ciniki ya tsaya, ya ce zai nufi gabas ya sauke farali ya dawo. Matarsa ta jira shekaru, da ba labari alƙali ya raba auren. Har mahaifiyarta ta rasu, duk azumi sai ta yi wa ubanta sadaka, tana alfahari ita 'yar wanda ya cika a hanyar ɗakin Allah ce. Ta dube ni ta ce, "Ashe yana Borno yana aure, ɗana? Shekara arba'in, ko saƙon goro?"

Jama'a, ban sami amsa ba. Na je neman waliyyi a asalinmu, sai na tarar da mutum kamar kowa, wanda yunwa ta kora, ya sami rufin asiri a wani gari, ya kasa komawa. Ko kunya ce ta hana shi, tunda ya ce Makka bai kai ba, ko talauci, Allah ne masani. Abin da na iya faɗa mata shi ne, a littafin da yake karantawa kullum, sunan mahaifiyarta ne a sama da na kowa. Ta sa aka ɗora mata takardar a hannu, ta shafa, ta yi kuka. Da ta share hawaye sai ta ce to ai ita da babana taubasai ne, akwai lissafin kuɗin shara tsakaninsu da ba a taɓa yi ba, in gaya masa ya shirya. Da daddare na haɗa ta da Gwaggo ta waya, jikokin mutum ɗaya da ba su san da juna ba. Na bar mata gudumar, don daga garinsu ta fito.

Shawarata gare ku ita ce kada ku yi irin sakacina. In kuna da tsofaffin takardu, ku ɗauki hotonsu yau, ku kai wa mai karanta ajami, ku duba farko da ƙarshen Alƙur'anan gado. Ku zauna da tsofaffi, musamman mata, don su ne ke riƙe da lissafin aure da haihuwa. Kada ku tambayi shekara, ku tambayi wa ke sarauta, wace yunwa aka yi, wace sana'a yake yi, su wane ne abokan wasansa. Ku nemi sunan yanka, ba laƙabi kaɗai ba. Sannan ku shirya jin abin da ba ku zata ba, domin kowane gida yana gyara labarinsa.

Ni dai ɗan Maiduguri ne, a nan kakannina uku suke kwance, ba kuma inda za ni. Amma yanzu in an ce ina ne asalinku, ina da amsa, ina kuma da 'yan uwa da zan kai wa ziyara da Sallah. Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa, ya jiƙan wadda ya bari a goye. Wanda duk asalinsu Kura ne ko wani garin marina, ya tambayi tsofaffin gidansu, wataƙila ma mu 'yan uwa ne.