Wane Ne Mai Masaukinki? Tarihin Baƙo da Amana a Ƙasar Jega da Aliero

Uwargida ki ɗan jingine taɓarya, amarya ki matso da akwatin rediyo kusa, yau tarihi za mu taɓa.

Kwanakin baya aiki ya kai ni Jiga Makera, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Aliero ta Jihar Kebbi. Na yi sallama wani gida da na'urar ɗaukar magana a hannu. Wata tsohuwa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta bari sai da na sha, sannan ta ce, "'Yar nan, wane ne mai masaukinki a garin nan?" Na ce, "Inna, ba ni da kowa, da la'asar zan koma." Ta girgiza kai ta ce, "Ba a zama haka. Daga yanzu ni ce. Wanda ya taɓa ki ni ya taɓa, abin da kika ɓata kuma ni za a tambaya."

Na yi dariya a lokacin. Amma da na zauna na yi nazari, sai na ga ashe tsohuwar nan ta karanta mini dokar da ta riƙe rayuka da dukiyoyin mutanen wannan yanki kusan shekara 200.

Ita kanta Jega, 'yar uwa, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu ne suka kafa ta. A ƙarshen shekarar 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa garin Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yake zaune da jama'arsa. Aka kashe na kashewa, aka kama maza da mata da yara. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan an ci nasara saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, Abdussalami ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari shi ya tattara sauran jama'a, ya kafa Jega wajajen 1820 a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Ki duba fa, cikin shekara 15 sau biyu ana watsa su. Wanda ya taɓa kwana a daji da goyo a baya ai ba sai an koya masa darajar masauki ba.

Kuma ba su samu kwanciyar hankali nan take ba. Kabawan Argungu da Gwandu sun shafe yawancin wannan ƙarni suna gwabzawa, musamman daga 1849 da Yakubu Nabame ya tashi. Sulhun da aka samu zamanin Sarkin Kabi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga, shekaru kaɗan ya yi ya wargaje. Shi ya sa garuruwa suka yi ganuwa, manomi ya fita gona da kwari da baka. Har a sunayen ƙauyuka za ki ji alamar zamanin: ga Jiga Birni, ga Jiga Makera. Birni wurin fakewa, maƙera kuwa inda ake ƙera fartanya, a kuma ƙera mashi.

Abin mamaki, cikin wannan hali ne kasuwar Jega ta bunƙasa, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ta shiga sahun manyan kasuwannin ƙasar Hausa. Fataken goro masu zuwa Gonja, a ƙasar Gana ta yau, suna yada zango a nan. Su ɗora wa jakuna kanwa da fatu da tufafi, su ƙetare Kwara, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga, su komo da goro. Ayari yana da madugu, ga jagaba a gaba, ga kuma uban dawaki. Akwai mata a cikin ayarin, suna girki suna nasu ɗan cinikin.

To, yaya mutum zai shigo garin da bai san kowa ba, da dukiya niƙi-niƙi, babu banki, babu ɗan sanda, ya kwana lafiya? A nan ne mai masauki ya shigo, kuma a nan nake so mu daɗe. Baƙo ba ya sauka a sarari. Wani magidanci ne zai karɓe shi, ya ba shi ɗaki a zaure ko shago, ya ɗaure masa dabbobi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. In kaya suka ɓace a gidan, kunyar mai gida ce. In baƙon ya yi ɓarna, mai gida za a kira gaban mai gari. Shi kuma yana samun la'ada da tsaraba. Kowa ya san baƙon wane ne wane, saboda haka ɓarawo bai da inda zai raɓa.

Littattafan tarihi sukan tsaya a kan mai gida, amma ni sai in ce, wa ya tuƙa tuwon? Wa ya daka furar da aka tare su da ita? Tsohuwar nan ta gaya mini kakarta ta ba ta labari cewa ajiyar da ta fi tsada ba a zaure ake barin ta ba, cikin gida ake shiga da ita, ɗakin uwargida, don nan ne ƙafar namiji baƙo ba ta takawa. Wato kullen nan da wasu ke gani kamar mun zama 'yan kallo, shi ne asusun gari. Mutum ya tafi Gonja ya shekara, ya dawo ya iske ƙullinsa yadda ya ɗaure shi.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta ruwa zuwa Ikko, daga can a hau da shi jirgi, ayarin jakuna ya yi ta raguwa har ya ƙare. Amma baƙi ba su daina zuwa ba, dalilin zuwan ne ya sauya. Aliero ta yi suna da albasa, manyan motoci na zuwa daga kudu da ƙasashen maƙwabta suna lodi. Ta kuma yi suna da ɗori: a kawo mai karaya daga uwa duniya, ya yi makonni a hannun maɗori, masu jinyarsa suna cin tuwon gari. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ɗalibai suka zo neman ɗakin haya. Daga Jega ki gangara Maiyama, hanyar ba ta rabuwa da matafiya.

Abin da 'yan boko muke kira yawon buɗe ido ma daga sulhu ya fito. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe tsohuwar gaba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Amma bayan na 2009 sai da aka yi shekara goma ba a yi ba, aka dawo da shi a 2020. Ba wanda zai ɗauko iyalinsa zuwa kallo a inda yake tsoron hanya.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoron yana da dalili. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2024 Lakurawa sun kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Duk uwar da ta ji waɗannan sai cikinta ya ɗuri ruwa. Daga nan wasu suka ce a rufe ƙofa, kada a sake saukar da kowa. Wasu kuma, saboda kuɗin haya, ko wa ya zo su miƙa masa mabuɗi, ba a tambayi sunan ubansa ba. A ganina duka biyun sun saki hanyar kakanni. Garin da ya kori baƙi, wa zai sayi albasarsa? Su mutanen da ba su kori baƙo ba, ba su kuma bar shi ba mai shi ba.

Ke da ke cikin gida kin fi kowa sanin kwano nawa ke fita zaure, kin kuma san ranar da aka ƙara ɗaya. Yaran da ke kai abinci da 'yan mata masu talla suna dawo miki da labarin wanda ya kwana da wanda ya tashi da asuba. In maigida ya sauki wanda ba ki gane ba, ba rashin kunya ba ne ki ce, "Malam, baƙon namu daga ina, an kuwa sanar da mai unguwa?" In an kawo miki ajiya, ki kira shaidu biyu, a ƙirga a gabansu, a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta, ko da da ajami ne.

Da la'asar ta yi na tashi tafiya, tsohuwar ta ɗaure mini albasa a leda, ta kira jikanta ta ce ya raka ni har bakin mota, kada ya dawo sai ya ga direban da idonsa ya kuma ji sunansa.